Hanyar Gaya: jikin ɗan Adam ba ƙarfe ba ne



Duk wanda ya san Gaya ya san gari ne na ƙafa da taya. Ga hanyar Doso, ga ta Kamba wajen Najeriya, ga kuma gadar Malanbil bisa kogin Kwara. Ɗan kasuwa na sauri, ma'aikaci na sauri, ɗan kabu-kabu ya fi kowa sauri. In hatsari ya auku sai mu ce ƙaddara. Gaskiya ne, amma masana sun daɗe suna auna abin da ƙashi da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka, kuma ya kamata mu ji.

A shekarar 1954, wani likitan sojan Amurka, Kanar John Stapp, ya hau wata na'ura mai gudun da ya zarce kilomita 1000 cikin awa, aka tsaida ita cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Idanunsa suka cika da jini, amma ya rayu, domin an ɗaure shi tamau. Darasin shi ne, tsayawa farat ɗaya ke kisa, in ba abin da ya riƙe jiki. A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da ɗamarar kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, wadda ke ɗora nauyin bugu bisa ƙasusuwa masu ƙarfi.

Masana sun ce karo uku ne cikin kowane hatsari. Mota ta bugi itace. Mutum ya bugi sitiyari ko gilashi. Sa'an nan ƙwaƙwalwa ta bugi ƙoƙon kai, hanta da saifa su bugi haƙarƙari. Shi ya sa wani kan tashi ba ko ƙwarzane, ya ce lafiya lau, da dare jini ya taru a ciki. Irin wannan a kai shi asibiti tun da rana.

Ga lissafi kuma: karo da gini a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin bugun ya ninka huɗu. Uwar da ta rungume jariri a kujerar gaba, hannunta ba ya iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗamara na rage haɗarin mutuwa har da rabi, hular kwano kuma na rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100.

To, Alhaji mai mota, kuɗin gyaran ɗamara bai kai kuɗin jinya ba. Malam ma'aikaci, ɗaura taka ko ba jandarma a gaba. Ɗan kabu-kabu, zafin hula ya fi sauƙi bisa zafin kwanciya. Sauri ya haifi nawa.

Allah ya kai mu gida lafiya. Sai sati mai zuwa.