Fiyus Ba Shi da Laifi, a Nemi Illar Inda Take

Daga cikin abubuwan da suka zama ruwan dare a garuruwanmu a wannan zamani, har da ɗaura wa mota amfilifaya da manyan lasifikoki, ta yadda da wuya mutum ya ratsa titin Kano ko Kaduna bai ji wata ƙaramar mota ko A Daidaita Sahu tana girgiza ƙasa da amo ba. Mas'alar da ta fi damun ma'abota wannan sha'awa kuwa ita ce yawan ƙonewar fiyus, kuma fatawar da aka fi ba su a bakin gareji ita ce a sa wanda ya fi shi girma, ko a naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli a gurbinsa. A ganina wannan fatawa ɓatacciya ce, ba ta da hujja a ilmi, kuma mai aiki da ita yana sayen sauƙin yini ɗaya ne da halakar motarsa.

Dalili kuwa shi ne, fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka ƙera shi da gangan ya zama mafi rauni a duk hanyar da wuta ke bi, domin idan wutar ta haura haddin da aka ƙayyade, shi ya narke ya yanke ta kafin waya ta yi zafin da robarta za ta kama. An rubuta wa kowanne adadinsa, har an bambanta su da launi: ja na amfiya 10 ne, shuɗi na 15, ruwan ɗorawa na 20, kore na 30. Batirin mota kuwa, ko da yake bolt 12 kaɗai gare shi, idan jar wayarsa ta taɓa ƙarfen mota yana iya kwararo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Saboda haka ne masana suka wajabta a sa babban fiyus kusa da batir, kada ya wuce kimanin santimita 45, don ya tsare doguwar wayar da ta tafi but, alhali wanda ke jikin amfilifaya ita kanta yake tsarewa. Wanda ya toshe gurbin fiyus da waya, misalinsa kamar maigidan da mai gadi ya tashe shi da dare cewa ga ɓarawo, sai ya sallami mai gadin don ya samu barci.

Hanyar tahakiki ba ta da wuya ga mai haƙuri, kuma mabuɗinta tambaya ɗaya ce: a wane lokaci fiyus ɗin yake ƙonewa? Idan da zarar an cusa shi yake tsinkewa, tun ba a kunna rediyo ba, to sai a cire baƙin kan batir tukuna, a kwance jar wayar daga jikin amfilifaya, a naɗe bakinta da tef, sa'an nan a mai da batir a sa sabon fiyus. In ya sake ƙonewa, lalle illar tana jikin wayar, kuma galibi akan same ta a inda ta ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba ba tare da zoben roba ba, ko ƙarƙashin kujera, ko inda wata ƙusa ta huda ta. In kuwa bai ƙone ba, wayar ta kuɓuta daga tuhuma. Daga nan sai a mai da ita, a tabbatar ba a juya ja da baƙa ba, a kwance dukkan wayoyin lasifika, a kunna. Idan fiyus ya tsinke a wannan hali, galibi taransistocin cikin amfilifaya ne suka ƙone suka haɗe, kuma ba ta da magani sai teburin mai gyaran rediyo. Idan ya zauna lafiya, sai a riƙa mai da lasifikoki ɗaya bayan ɗaya, har wadda ke da laifin ta bayyana kanta.

Akwai kuma nau'in da ya fi rikitar da mutane, wato fiyus ɗin da ba ya ƙonewa sai an ƙure murya. A nan sai mun koma ga ƙa'idar da wani malamin Jamus, Georg Ohm, ya wallafa a 1827, cewa gwargwadon raguwar turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya, gwargwadon ƙaruwar kwararowarta. Yawancin lasifikokin mota turjiyarsu om 4 ce, amma idan aka haɗa biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙa da baƙa, sai su koma om 2, huɗu kuwa su koma om 1. Amfilifayar da aka ƙera don om 4, idan aka ɗora mata wannan nauyi, dole ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, fiyus ya yanke. Mita ƙarama ta awon wuta tana warware wannan shubuha cikin minti ɗaya, kamar yadda take tona lasifikar da naɗin wayar cikinta ya ƙone.

Adalci ya sa a faɗa cewa wani lokaci fiyus ɗin ne ya yi ƙanƙanta tun asali. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, a kan bolt 14 da mota ke bayarwa idan inji yana aiki, tana bukatar kusan amfiya 36 a lissafi, ban da abin da ke salwanta ya zama zafi, wanda kan kai bukatar zuwa 45 ko fiye. Wanda ya sa mata fiyus na 15 ya zalunci fiyus ɗin. Amma ko a nan, sharaɗin ƙara girman fiyus shi ne a bi adadin da maƙerin amfilifayar ya rubuta, kuma wayar ta kasance mai kaurin da zai ɗauka. A lura kuma da wayar da aka yi da alminiyam aka shafe ta da jan ƙarfe, domin ba ta ɗaukar abin da tsantsar jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Haka nan baƙar wayar da aka ɗaure a kan fenti ko tsatsa, da gidan fiyus mai sako-sako, dukkansu suna haifar da zafi, ga shi but ɗin mota a watan Afrilu ba ya bukatar ƙari.

Masu wayarin za su ce mai mota ne ke gaggawa, ba ya son biyan ladan bincike, yana ganin fiyus abu ne na kuɗi ƙalilan da ake samu ko'ina, daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano har ta Panteka a Kaduna. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, amma bai ɗauke nauyi ba, domin sana'a amana ce, kuma wanda ya san sababin abu ya ɓoye wa wanda bai sani ba, ya sallame shi da waya a gurbin fiyus alhali yana ɗaukar iyali ko fasinjoji, ya yi ha'inci ko da bai karɓi kwabo ba. Mai motar ma da nasa kason, don araha ba ta ado, kuma ladan awa ɗaya na bincike bai kai kuɗin kujera ɗaya da wuta ta cinye ba.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin masu gyaran mota shi ne su hana yaransu wannan ɗabi'a, su koya musu aiki da mita tun suna almajiran sana'a. Kai kuma mai mota, idan fiyus ya ƙone maka sau biyu a jere, kada ka yarda a sa na uku sai an nuna maka illar da idonka, kuma an gyara ta.