NAZARI: Nijar ta bar ECOWAS, amma ƙa'idojin ciniki ba su bar ta ba

A ranar 29 ga Janairun 2025 ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan sanarwar da gwamnatocin sojin ƙasashen suka bayar. A ranar ce kuma ƙungiyar ta buƙaci ƙasashe 12 da suka rage su ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku, su bar su shiga ba tare da biza ba, kayayyakinsu kuma su ci gaba da cin moriyar tsarin sassaucin haraji, har zuwa lokacin da za a yanke wata shawara.

A wannan sharaɗi na ƙarshe gizo ke saƙa. Abin da a da yake haƙƙi rubutacce a yarjejeniya, yanzu ya koma alfarma, mai alfarma kuwa yana iya janye ta ranar da ya ga dama.

Abin da ficewar ta samar

Fushin Yamai yana da tushe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da ke biyan kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatar Nijar, magani da abinci suka yi tsada. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Tun daga nan ƙasashen suke gwada ikon da suka ce sun ƙwato. A Oktoban 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya hana fitar da hatsi daga Nijar, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A Maris ɗin 2025 ƙawancensu na AES ya sanya harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su, daidai da adadin da ECOWAS ke karɓa, domin kuɗin su shiga asusun sabon ƙawancen.

Igiyar da ba ta tsinke ba

Sai dai ƙasashen uku ba su bar UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa. A nan suna ɗaure da harajin kwastam na bai-ɗaya, da dokar barin kaya su ratsa iyaka, da babban bankin BCEAO da ke Dakar, da kuma darajar sefa da aka liƙa wa yuro. Abin lura shi ne, ta wannan banki aka riƙe kuɗaɗen gwamnatin Mali a 2022, aka riƙe na Nijar a 2023. Ke nan sandar da ta fi yi musu ciwo tana cikin gidan da suka zaɓi ci gaba da zama.

Dalilin zaman a fili yake: babu ɗaya cikinsu da ke da gaɓar teku. Kayan Bamako na sauka a Dakar da Abidjan. Nijar, wadda ta bar iyakarta da Benin a rufe, ta koma ɗauko kaya daga Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da sai da rakiyar sojoji. Amma ɗanyen manta na Agadem ta bututun kusan kilomita 2,000 yake bi zuwa tashar Seme, a cikin Benin ɗin da take rikici da ita.

Inda ta shafi Arewa

Najeriya ba ta cikin UEMOA. Saboda haka ɗan kasuwar Maraɗi da ke kai kaya Lome yana da wata yarjejeniya da ke kare shi, amma mai kawo albasa ko dabbobi ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya dogara ne kan sanarwar wucin gadi. Haka nan mai ɗaukar kaya daga Kantin Kwari ko Dawanau zuwa Damagaram. Iyaka ce ta kimanin kilomita 1,500, wadda ta raba dangi da masarautu, ba kasuwanni kaɗai ba.

Akwai yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a Yamai a Yulin 2019, sai dai aiwatar da ita na tafiyar hawainiya. Wata guda bayan sa hannun ma, Abuja ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020, duk da tana cikin ECOWAS. Idan an yi haka ana cikin ƙungiya ɗaya, ina ga an raba gari?

Darasi daga waɗanda suka riga fita

Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a ranar 31 ga Janairun 2020 da sunan dawo da iko gida. Kafin shekarar ta ƙare sai da ta sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ta damar sayar da kaya ba haraji, bisa sharaɗin tabbatar da asalin kayan, da alƙawarin ba za ta rage kariyar ma'aikata da muhalli don samun fifiko a kasuwa ba. Ireland ta Arewa kuwa ta ci gaba da bin dokokin Turai kan kayayyaki, dokokin da yanzu ake rubutawa babu wakilin Landan a zauren.

A nan kusa, Moritaniya ta fice daga ECOWAS a 2000, sannan a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwar ciniki da ita. Shekara 17 ta ɗauka kafin ta sake nemo ƙofar kasuwar da ta bari.

Misalan biyu abu ɗaya suke nunawa. Ƙasa tana iya barin ƙungiya cikin shekara guda, amma muddin tana son kasuwar maƙwabta, sai ta bi sharuɗɗan kasuwar. Bambancin kawai shi ne ta rasa kujerar da take zama a kai lokacin tsara su.

Abin da ya rage

An fara tattaunawa. Ministan harkokin wajen Najeriya na wancan lokacin Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilun 2025, a watan Mayu kuma shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray ya gana da ministocin AES a Bamako. Abin da ya kamata matasa a ɓangarorin biyu su sa wa ido shi ne ko za a samu rubutacciyar yarjejeniya kan abubuwa uku: izinin zama da sana'a, harajin amfanin gona da dabbobi, da wurin kai ƙara idan wani ya saɓa.

Kowane alƙawari a ciki zai rage wa Yamai wani abu daga ikon da ta ƙwato, zai kuma hana Abuja rufe iyaka duk lokacin da ta so. Idan ba a yi shi ba, hukuncin zai ci gaba da zama a hannun jami'in da ke bakin shinge, kuɗin kuma ya fito daga aljihun mai sayen mudun gero.