Ke kin huta, ba ki da ramuwa

Duk wadda ta yi Islamiyya a Gumel ta san babin haila tun kafin ta fara ganinta. A Ahalari aka koya mana cewa jinin mai farawa ba ya wuce kwana 15, aka koya mana yadda mai al'ada za ta ƙara kwana uku idan jini ya zarce mata, da yadda ake gane tsarki. Malamanmu sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Sai dai duk karatun nan a kan jinin da ya zo ne, ko wanda ya zo ya ƙi ɗaukewa. Wanda bai zo ba sam, hukuncinsa gajere ne: ki ci gaba da sallarki. Shi ya sa budurwa za ta yi wata huɗu, wata biyar ba ta ga komai ba, babu mai ɗaga kai ya dube ta. Idan azumi ya zo ma har sha'awarta ake yi. Ƙawayena sun sha ce min, "Ke kin huta, ba ki da ramuwa."

Ashe larura ce, wadda likitoci ke kira PCOS. Ba a gano ta a jikina ba sai da na yi aure na tare a Maigatari, shekaru suka ja, goyo bai zo ba. Wannan jinkirin shi nake ƙorafi a kai. A wajenmu rikicewar al'ada ba ta zama ciwo sai ranar da ta hana haihuwa, kuma kafin ranar an riga an ɓata shekarun da ya kamata a ce an tare ta.

Ga yadda abin yake. Kowane wata wasu 'yan ƙwayaye sukan fara tasowa a gidan ƙwan mace, ɗaya ya fi saura ƙarfi, ya nuna, ya fito ya nufi mahaifa. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar mako biyu sai shimfiɗar da mahaifa ta yi ta zube, shi ne jinin al'ada. A jikin mai PCOS ƙwayayen suna tasowa da yawa, amma su tsaya a hanya, kamar geron da ya yi tsawo ruwa ya ɗauke kafin ya fitar da kai. Tun da babu wanda ya nuna, babu abin da zai kira jinin a kan lokacinsa. Abu biyu ke hura wutar. Homon ɗin maza, wanda kowace mace tana da ɗan kaɗan, yana yawa. Sannan jiki ba ya jin insulin, homon ɗin da ke daidaita sugan jini, yadda ya kamata, sai ya riƙa fitar da shi da yawa, yawansa kuma ya ƙara tunzura gidan ƙwai ya fitar da homon ɗin mazan. Daga nan ake samun gashi a haɓa ko a ƙirji, ƙuraje a fuska har bayan an wuce ƙuruciya, zubewar gashin tsakiyar kai, teɓa, da wani baƙi mai kauri a bayan wuya da hammata. Innata ta sha dirje min wuya da soso da sabulun salo tana faɗan ƙazanta. Ba dauɗa ba ce, alama ce ta insulin. Kuma kada a ce sai mai jiki, siririya ma tana samu.

Ba sabon ciwo ba ne, ba kuma ciwon 'yan birni ba ne. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Chicago, Stein da Leventhal, suka yi bayaninsa a kan mata bakwai da suka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu ba a taɓa gano musu ba. A aji mai 'yan mata 50 irin wanda nake koyarwa, lissafin ya kama uku zuwa shida. Yanzu a ɗora wannan a kan Jigawa, inda binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace takan haifi kimanin 'ya'ya bakwai. A gidan da facaloli ke suna duk bayan shekara biyu, wadda ta yi shekara uku shiru ba sai an ce mata juya ba, idon mutane ma ya isa.

Sunayen da muke ba abin su ne ke ɓatar da mu. Na farko shi ne kwantacce. Duk lokacin da na yi wata uku ban ga jini ba, ga shi ina ƙara kumari, sai Hajiya surukata ta fara murna, ta hana ni ɗaukar tulu. Ran da jinin ya ɓalle da yawa, har da gudaji, sai a ce ɓari ne, a yi min sannu. Idan kuma shirun ya yi tsawo, sai wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, cikin ne ya kwanta, a nemo abin tayar da shi." Maganar tsawon ciki a fiƙihu ta malamai ce, na bar musu. Amma ko akwai ciki ko babu, tsinken gwajin fitsari na kemis da hoton sikanin suna raba gardama. Gudajin nan kuwa sau da yawa shimfiɗar mahaifa ce da ta taru wata da watanni, ta zube lokaci guda.

Na biyu shi ne sanyi. Ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta cika, daga kara har bakin tasha za ka ji lasifikar masu magani tana lissafa cututtukan mata, kuma kusan duk a kan sanyi ake ƙarewa. Matan ƙauyukanmu suna aikawa a sayo, na tsallaken iyaka daga wajen Dungas da Magarya ma haka. Ciwon sanyi gaskiya ne, idan aka bar shi yana iya toshe hanyar ƙwai. Amma sanyi ba ya fito wa mace da gemu, kuma ko buhu za ta sha na kafso, ba zai sa ƙwai ya nuna ba. Idan sanyi ya gaza, sai a koma jinnul ashiƙ, a yi ta hayaƙi da ruƙiyya. Ni ban hana kowa addu'a ba, da ita na kai yau. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita dalilin ƙin zuwa asibiti.

Gane larurar kuwa ba wani abin sihiri ba ne. A 2003 masana suka taru a Rotterdam suka tsayar da alamomi uku: rikicewar al'ada ko rashin fitar ƙwai, alamun yawan homon ɗin maza a jiki ko a gwajin jini, da ganin tarin ƙananan ƙwayaye a sikanin. Idan biyu daga ciki suka haɗu, kuma likita ya tabbatar ba matsalar maƙoƙo ba ce ko yawan homon ɗin da ke kawo ruwan nono, to an samu suna. Ƙa'idar duniya da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranta, wadda aka sabunta a 2023, ta ba da awo mai sauƙi ga wadda ta haura shekara uku da fara al'ada: idan tsakanin farkon wannan jini da farkon na gaba bai kai kwana 21 ba, ko ya wuce 35, ko jinin bai kai zuwa takwas a shekara ba, al'adar ba daidai take ba. Wadda ta yi shekara guda da farawa kuma ta yi kwana 90 shiru, a kai ta a duba.

Wannan alamar ta farko ba ta buƙatar na'ura ko lantarki. Littafi da biro ne. Mu da muke ƙirga kwanakinmu saboda salla da idda, ba mu za a koya wa ƙirge ba, rubutawa ce kawai ba ma yi. Malamar Islamiyya da ta kai ƙarshen babin haila, jumla ɗaya za ta ƙara: wadda ta yi wata uku ba ta gani ba, ta faɗa wa mamanta a tafi asibiti. Iyaye kuma su rage wuta. Yarinya da yawa tana ɓoyewa ne don ta san kalmar farko da za ta ji ita ce, "Wa ya yi miki?"

Sikanin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mata da yawa masu lafiya ƙalau gidan ƙwansu yana nuna haka, musamman yara, shi ya sa ƙa'idar ta ce kada a dogara da shi sai an yi shekara takwas da fara al'ada. Na ga mace ta fito daga ɗakin sikanin tana kuka, wai an ce tana da ƙari. Ba ƙari ba ne, ƙwayayen nan ne da ba su nuna ba.

A maganar haihuwa, gaskiyar ta fi yadda ake tsorata mu daɗi. Yawancin masu PCOS suna haihuwa, wasu haka kawai, wasu da taimakon magani. Ga mai jiki, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta yakan dawo da al'ada. Mace mai kilo 80 ke nan ta sauke huɗu zuwa takwas. Faɗa da baki sauƙi gare shi. A garin da ake auna kulawar miji da kumatun matarsa, inda amare ke shan sha-ka-fashe kafin biki, wadda ta rage tuwo ta bar lemon kwalba da shayi mai kauri sai an ce yunwa ake gana mata. Matar kulle kuma ina za ta yi tattaki in maigida bai ba da dama ba? Wake da zogale da rama muna da su, izinin ne da goyon baya ke wuya.

Idan hakan bai wadatar ba, akwai maganin da ke sa ƙwai ya nuna. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2014 a kan mata 750 ya gwada guda biyu: cikin waɗanda suka sha letirozol, kashi 27.5 cikin 100 sun haihu, masu shan kilomifin kuwa kashi 19.1. Shi ya sa yanzu letirozol ake fara bayarwa. A lura da adadin, ko wanda ya fi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba a zagayen da aka gwada. Don haka duk mai cewa "sha yau, ciki gobe" kasuwa yake ci. Kilomifin ɗin nan shi ne Clomid da mata ke saya a kemis babu takardar likita, ƙawa ta faɗa wa ƙawa, a yi ta sha har shekara. Ba a wuce kamar zagaye shida da shi, kuma yana iya kumbura gidan ƙwai ko ya kawo 'yan biyu da 'yan uku ga jikin da ba a shirya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici ma, ana iya shan duk wannan a banza idan ba a duba maigida ba. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, namijin yana da hannu a matsalar. Likitar da ta gano larurata ta ce min, "Malama, ba zan rubuta miki komai ba sai na ga sakamakon maigidanki." Na yi ta juya yadda zan furta, daga ƙarshe na ce, "Malam, likita ta ce tare za mu koma." Ya yi shiru, sannan ya ce to. Da yawa ba sa cewa to. Ƙarin aure ya fi musu sauƙi a kan gwaji guda na maniyyi, kuma cewa "ai ina da 'ya'ya da uwargida" ba hujja ba ce, jikin namiji ma yana canzawa.

Allah ya ba ni 'ya mace. Dangi suka ɗauka an rufe babin, amma larurar tana nan. Mai PCOS ta fi saura haɗarin ciwon suga da hawan jini lokacin goyon ciki, don haka ta faɗa tun ranar awon farko. Bayan nan ma ana son ta riƙa gwada suga duk shekara ɗaya zuwa uku. Mahaifar da ke yin watanni ba ta zubar da shimfiɗarta kuwa, shimfiɗar tana kauri, kuma haɗarin ciwon dajin mahaifa yana ninkuwa biyu zuwa shida, ko da yake ciwon ba mai yawa ba ne. Wannan ne dalilin da likita kan ba wadda ba ta neman ciki a lokacin ƙwayar tazarar haihuwa. A gidajenmu wannan rigima ce, balle a gan ta a jakar budurwa. Ma'aikacin lafiyar da ya rubuta ta ya daure ya kira uwa ko miji ya yi musu bayani, in ba haka ba a masai za ta ƙare.

Jigawa ta sa ƙarfi a kan mai ciki da mai naƙuda, daga motocin Haihuwa Lafiya zuwa aikin yoyon fitsari da ƙungiyar likitoci ta MSF ke yi a Jahun tun 2008, kuma hakan daidai ne. Wadda ba ta kai ga cikin ba ita aka bari a baya. Ƙwararrun likitocin mata suna asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da na Malam Aminu Kano, amma bai kamata mace daga ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota zuwa Kano don kawai a tambaye ta kwanakin al'adarta, a dubi haɓarta da wuyanta, a caki yatsarta a auna suga ba. Ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko za ta iya duk wannan idan an horar da ita, ta tura wadda ke buƙatar ƙari zuwa babban asibitin Gumel ko na Maigatari. A ware rana guda a mako don matsalolin al'ada, ba a cakuɗa ta da ranar awo ba, domin mai neman haihuwa ba ta son zama a benci ɗaya da masu tsohon ciki, budurwa kuma ba za ta yarda a gan ta a layin ba. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, JICHMA, ya kamata ta tabbatar gwajin suga da na homon da magungunan nan suna cikin abin da take biya, musamman ga zawarawan da aka saka saboda wannan larura, waɗanda yanzu babu mai ba su ko kuɗin kati.