Sunan New Wave: na makaɗa ne ko na ƴan kasuwa?

Fiye da shekara 40 ke nan masu sha'awar kiɗan Turawa suna gardama a kan abu guda: waɗanne ƙungiyoyin makaɗa ne suka cancanci sunan New Wave, watau sabuwar igiyar ruwa? Wasu sun ce Talking Heads da Blondie na birnin New York su ne na asali, su kuwa Duran Duran ƴan kwalliya ne kawai. Wasu sun ce duka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san inda sunan ya samo tushe.

Sunan aro ne daga silimar Faransa. A wajen shekara ta 1959 aka laƙaba wa samarin masu shirya fim irin su François Truffaut da Jean-Luc Godard sunan Nouvelle Vague. A shekarun 1976 da 1977 kuma kiɗan punk ya ɓulla a Ingila da Amurka, kiɗa mai hayaniya da tsaurin ido, har gidajen rediyo da yawa suka ƙi sa shi. Sai Seymour Stein, shugaban kamfanin faifai na Sire, ya dage a riƙa kiran makaɗansa New Wave, domin a buɗe musu ƙofar rediyo. Ashe tun farko ciniki ne ya yaɗa sunan.

Shi ya sa in an jera ƙungiyoyin, sai a tarar bambancinsu ya fi kamanninsu yawa. Blondie sun ɗauki kiɗan rawa na disko, waƙarsu Heart of Glass ta zo ta ɗaya a Ingila da Amurka a 1979. The Police, waɗanda suka kafu a London a 1977, mutum uku ne da gitar da ganguna, sun jingina ga kiɗan rege na Jamaika. The Human League da Depeche Mode kuwa sun dogara ga na'urar kiɗa mai aiki da lantarki. A Faransa ma Indochine sun bi sahu tun 1981.

Hujjar masu ƙin Duran Duran ita ce, wai talabijin ne ya ɗaukaka su. Da ƙamshin gaskiya, domin tashar MTV da aka buɗe ranar 1 ga Agusta 1981 ta sa kyan sura da tufafi sun zama rabin sana'ar mawaƙi, kuma waɗannan samari na Birmingham sun ci moriyarta ƙwarai da faifansu Rio na 1982. Amma hujjar ba ta kai a kore su ba. Abin da ya haɗa dukan ƙungiyoyin nan shi ne sun taso bayan punk, sun gaji gajeruwar waƙa da ƙin dogon salon gitar na magabata, sannan suka haɗa wannan da kiɗan da ake taka rawa da shi. Duk wanda ya cika sharuɗɗan nan tsakanin 1977 da tsakiyar shekarun 1980, ɗan gida ne, ko ya zo da wuri ko a makare.

Akwai abin da ya fi wannan gardama nauyi, kuma ya shafi mai sauraro na Afirka. Kiɗan da aka kira sabo, wani sashe nasa ba sabo ba ne a wurin masu shi. Talking Heads da kansu sun faɗi cewa kiɗan Fela Kuti na Legas ya yi musu jagora sa'ad da suka shirya faifan Remain in Light tare da Brian Eno a 1980. Waƙar The Tide Is High da Blondie suka yi kasuwa da ita a wannan shekara, John Holt na Jamaika ne ya tsara ta, ƙungiyar The Paragons ta fitar da ita tun 1967. Aro ba laifi ba ne a sana'ar kiɗa, amma adalci ne a ambaci mai kaya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Wannan suna ya ja hankalin masu saye zuwa London da New York, ya kawar da shi daga Legas da Kingston. Saboda haka ma'aikatan rediyo da malamai masu koyar da tarihin kiɗa, in sun sa waɗannan waƙoƙi, ya dace su gaya wa matasa daga ina gangar ta fito, kuma wa ya fara kaɗa ta.