Wankan Daji: A Biya Jagora, Amma Kada A Mai Da Shi Likita



A shekarar 1982 Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Japan ta fito da "shinrin-yoku", wato wankan daji, aka fara shi a dajin Akasawa da ke lardin Nagano. Wanka ne babu ruwa babu sabulu. Jagora zai shiga daji da mutane, a ajiye waya, a yi tafiya sannu a hankali ta awa biyu ko uku, ana shaƙar ƙamshin itatuwa, ana sauraron kukan tsuntsaye.

Wasu na cewa asarar kuɗi ce: dajin da Allah Ya halitta, sai an biya wani kafin a huta a cikinsa? Ni ban yarda ba. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Japan daji ne, duk da haka yawan aiki na kashe mutane, har suna kiran irin wannan mutuwa "karoshi". Ashe daji na nan, natsuwar ce babu. Wanda ya saba da gaggawa, ko ka zaunar da shi a inuwa, hankalinsa na ofis. Aikin jagora shi ne ya rage masa sauri.

Inda nake ja shi ne da masu tallata shi kamar maganin kowace cuta. Binciken Farfesa Yoshifumi Miyazaki ya nuna kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, yana raguwa a daji. Sauƙi ne wannan, bai kai waraka ba. Mai hawan jini ya je daji ya huta, amma kada ya ajiye maganinsa.

Ku me kuka gani?