Digiri a Hannu, Juji a Bayan Aji

Duk wanda ya taɓa raka ɗansa ko ƙanensa jami'a ya san abin da zan faɗa. Bakin ƙofa fes, furanni a jere, ofishin shugaba sai ƙyalli yake yi. To, daure ka zagaya bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. Can za ka tarar da tsibin ledar fiya wata, robobin lemo, ragowar shinkafa da ta kwana uku, ƙudaje sun yi dandazo, awaki na kiwo. Da magariba ta kawo jiki sai wani lebura ya zo da ashana ya banka wa jujin wuta, hayaƙi ya bi taga ya iske masu karatu. Ba zan kama sunan makaranta ba, don cutar ta zama ruwan dare. Amma 'ya'yanmu na Suleja suna Minna, suna Lapai, suna Gwagwalada, suna Zariya da Kano, saboda haka maganar ta shafe mu.

Da ku zan fara, shugabannin jami'o'i. A cikinku wa zai iya faɗa mana nauyin sharar da makarantarsa ke fitarwa a rana? An bai wa ɗan kwangila aikin kwasa, an sa hannu, an biya. Ina yake kai ta? Wa ya taɓa bin motarsa ya gani? In a bakin rafi yake juyewa, ko a gonar wani talaka da ke maƙwabtaka da ku, alhakin yana wuyanku. Kuma kada ku ce aunawar ta gagara. A Jami'ar Legas malamai sun auna tasu, suka buga sakamakon a 2017: fiye da tan 30 a kowace rana, kuma kusan kashi uku cikin huɗu abin da za a iya sake sarrafawa ne. Wanda bai san yawan shararsa ba, da wane ma'auni ya yanka kuɗin kwasar ta?

Ku kuma malamai, laifinku ya fi ciwo, domin ku ne masu sani. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da makaranta sukutum ta fasahar muhalli. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyancin ruwa da muhalli. Ilimin yana nan a ƙasarmu, ba sai an je Ingila ba. Kun fi kowa sanin cewa ƙona roba na fitar da guba mai lahanta huhu. Kun san juji gidan ɓera ne, ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Kun san batir da ragowar sinadaran ɗakin gwaji in suka shiga ƙasa, rijiyar burtsatse za ta dawo mana da su a kofi. Kowace shekara kuna sa ɗalibai rubuta kundin kammala karatu a kan shara, a yi masa bango mai kauri, a ba da maki, a jibge a sito. In sito ya cika, shi ma kundin jujin ake kai shi.

Abin kunyar shi ne, baban bola da bai taɓa shiga aji ba ya riga ku aiwatar da darasin. Yana tura kurarsa a rana, ya ware ƙarfe gefe, roba gefe, gwangwani gefe, ya kai wa mai sikeli ya karɓi kuɗinsa. Gwangwanin nan maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Kakanninmu ma ba su san asara ba. Tun da daɗewa manoman kewayen Kano ke shiga birni da jakuna, su cika mangala da shara da kashin dabbobi su kai gona taki. Tsohuwar taya ta zama guga da takalmi, gwangwanin madara ya zama fitila. A nan Suleja Ladi Kwali ta yi suna da tukwanen yumɓu, ga hotonta a bayan naira 20. Tukunyarta in ta fashe ƙasa take komawa. Mu da muka yi boko, ledar da muka yar za ta iske jikokinmu.

Ɗalibai, kada ku yi murna, ban manta da ku ba. Ka sha ruwa ka cilla ledar ta taga, ka ce ai akwai masu shara, don haka ake biyansu. Dattijuwar nan mai tsintsiya sa'ar mahaifiyarka ce. A gida za ka iya watsa ɓawon rake a tsakar gida ka ce inna ta share? Kuna zanga-zanga in an ɗauke wuta ko an ƙara kuɗin makaranta, amma juji a ƙofar ɗakinku bai taɓa sa ku ɗaga murya ba. Laifi tudu ne, kun take naku kuna hango na hukuma.

Wannan hali kuma ba ya tsayawa a makaranta. Da shi kuke dawo mana gida tare da takardar digiri. Suleja gari ne mai tudu da gangare, ya cika ya batse da ma'aikatan Abuja, ruwan sama in ya sauko sai ya nemi hanyarsa zuwa rafin Iku. A watan Yulin 2017 ambaliya ta ci rayuka da gidaje a garin nan. Gini a kan hanyar ruwa yana da nasa kason, amma duk wanda ya leƙa kwalbatocinmu ya ga abin da ya toshe su. Gobe ɗalibin nan ne zai zama jami'in hukumar kare muhalli ta jiha, ko shugaban ƙaramar hukuma. Wanda ya yi shekara huɗu yana tsallake juji bai ji komai ba, ta yaya zai zama duba-gari?

Ruwanda ta hana ledar cefane a faɗin ƙasarta tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Jami'a mai katanga da masu gadi ba za ta iya tsara 'yan shagunan cikinta ba? Shugabannin jami'o'i, ku ajiye mazubi uku a kowane lungu: na abinci, na roba da gwangwani, na takarda. Ragowar abinci ta tafi gonar sashen aikin gona ta zama taki. Ku yi wa 'yan bola rajista su shigo ta ƙofa da mutuncinsu. Ku haramta ƙona shara. Ku auna ta duk zangon karatu, ku manna sakamakon a allo kusa da na jarrabawa.

A jikin takardar digiri ana cewa an gamsu da halin ɗalibi da iliminsa. Kafin ku sake sa mata hannu, ranku ya daɗe, ku zagaya bayan ɗakin kwanan ku duba halin da kuka koyar.