Baƙon Abuja Bai San Abaji Ba

Wanda ya je yawon buɗe ido Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ba dogayen gine-gine kaɗai ake nuna masa ba. Akan zaga da shi unguwar Sinawa ta Petaling da ta Indiyawa ta Brickfields, ya ga yadda suke zaune tare da 'yan ƙabilar Malay.

To, Abuja fa? Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi wannan yanki a 1976, hujjarta ita ce babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Amma har yau baƙo yakan kalli Dutsen Aso da Babban Masallaci, ya koma gida bai ji ko sunan masu ƙasar ba. Wannan sakaci ne na hukuma.

Ga Abaji nan kan hanyar Lakwaja, ƙofar yankin ta kudu. A nan Egbura da Ganagana da Gwarawa da Bassa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, kuma sarkin garin, Ona, shi ke shugabantar majalisar sarakunan yankin duka. Motoci kam suna tsayawa, amma shan mai da cinikin doya ke tsai da su.